Lauya da Iyakar Gonar Mai Fasaha



An nemi in yi magana a kan aikin lauyan da ya keɓe kansa ga kare haƙƙin masu fasaha, watau makaɗa da mawaƙa da marubuta da masu shirya fim da masu zane. Na san da jin wannan take hankalin da yawa daga cikinku ya tafi Legas ko Landan, inda ake da manyan kamfanoni da dogayen benaye da lauyoyi masu baƙar kwat. Ni kuwa ina so in ja ku mu fita ta hanyar Katsina da ta Daura, mu sauka a ƙasar Dawakin Tofa da Bici da Kunci da Makoɗa da Ɗambatta da Minjibir, domin a ganina a can ne za a fi gane abin da wannan aiki yake nufi, da kuma inda ya gaza.

Duk wanda ya taɓa ratsa wannan ƙasa da damina ya san babu daji a cikinta. Gona ce take bin gona, gida yana hango gida, har inda ido ya tsaya. Michael Mortimore da J. Wilson na Jami'ar Ahmadu Bello sun buga bincikensu a kan wannan yanki mai cunkoson jama'a da ke kewaye da Kano a 1965, suka nuna yadda manomi yake noma gona ɗaya shekara da shekaru ba ya barinta ta huta, sai dai ya riƙa ciyar da ita da takin dabbobi da wanda jakai suke ɗaukowa daga birni. Inda ƙasa ta yi ƙaranci haka, kowane taƙi yana da mai shi. Ana dasa gamba ko bi-ni-da-zugu a kan iyaka. Yaro ɗan shekara goma zai gaya maka inda gonarsu ta tsaya. Manomin da bai taɓa shiga aji ba zai bambance maka gonar gado da ta saye, da ta aro, da ta haya, da ta jingina, ya kuma faɗa maka abin da kowace take wajabta wa wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Har ma ya san ana iya samun ɗorawa ko tsamiya a tsakiyar gonar wani, amma 'ya'yanta na wani ne daban. In za a yi ciniki, sai an kira mai unguwa ko dagaci da shaidu.

To, wannan mutumin da ba za ka iya cin taƙi ɗaya na gonarsa ba, in makaɗi ne, za ka iya ɗauke waƙar da ya yi shekara talatin yana sarrafawa, ka ba shi kuɗin mota, ya bi ka da godiya. Abin da zan yi magana a kansa ke nan a yau.

Bari in fara da ita dokar, a taƙaice, don ɗaliban da ba na sashen shari'a ba. Dokar haƙƙin mallaka ta farko da aka sani Ingila ce ta yi ta a 1710, saboda masu buga littattafai. A 1886 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, cewa kowace za ta kare aikin marubutan sauran, Nijeriya kuwa sai a 1993 ta shiga cikinta. A zamanin Turawa dokar Ingila ta 1911 ce aka shimfiɗa mana, ita muka yi ta amfani da ita har bayan samun mulkin kai, sai a 1970 gwamnatin soja ta yi tamu ta farko. Aka sake wata a 1988, wadda a ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da haƙƙin mallaka a 1989. Wadda ake aiki da ita ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023.

Abin da dokar take cewa ba shi da wuyar fahimta. Wanda ya ƙagi littafi, ko waƙa, ko zane, ko fim, shi kaɗai ke da ikon yaɗa shi, da buga shi, da fassara shi, da juya shi zuwa wani abu, da nuna shi ga jama'a, sai fa wanda ya ba izini. Sharuɗɗan biyu ne: ya zama ya yi wani ƙoƙari nasa na kansa a cikin aikin, kuma aikin ya zama an adana shi a wani abu da za a iya komawa a gani ko a ji, takarda ce, ko kaset, ko waya. Ba sai an yi rajista ba, ko da yake hukumar tana karɓar rajista, kuma takardarta tana da amfani ranar shari'a. Haƙƙin littafi da na waƙa yana nan muddin ran mai shi, da shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da ya rasu. Alal misali, Malam Sa'adu Zungur ya rasu a 1958, saboda haka waƙoƙinsa suna hannun magada har ƙarshen 2028. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, nasa sai ƙarshen 2051. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, nasa sai ƙarshen 2069. Fim da faifan da aka ɗauki murya a kansa kuwa shekara 50 suke da ita daga fitowarsu.

Wani zai ce wannan baƙon abu ne, yaya za a mallaki abin da ba a iya riƙewa a hannu? Amsar tana cikin gonar da muka baro. Tun da aka yi Dokar Amfani da Ƙasa a 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da manomi yake sayarwa ko ya jinginar shi ne ikon amfani da ita. Ko kafin wannan doka ma, ba wanda ya taɓa naɗe gona ya ɗora wa jaki ya tafi da ita. Iko ake saye, iko ake gada. Haka abin yake ga waƙa.

Kada kuma a ɗauka Bahaushe bai san mai fasaha yana da haƙƙi ba sai da Bature ya zo. Malamanmu masu rubutattun waƙoƙi sun saba sanya sunansu a baitocin ƙarshe, da ramzin shekarar da suka gama, don kada wani ya ci gumin wani. Makaɗan baka kuwa suna da nasu tsarin. Makaɗin fada yana da ubangidan da yake ba shi doki da riga da gida. Makaɗin noma yana bin gayya da gangarsa, yana zuga gwanayen garma, in kaka ta yi ya bi gidaje ya karɓi damman gero da dawa. Kowa ya san waƙar wane ce, kuma makaɗin da ya ɗauki waƙar wani ya ce tasa ce ya sha kunya a gaban 'yan'uwansa. Wannan tsari ya yi aiki ne saboda dalili ɗaya: a wancan zamani ba yadda za a ji waƙar mutum sai da maƙogwaronsa. In kana son waƙar, dole ka gayyaci mai ita, in ya zo kuwa dole ka sallame shi. Garmaho da rediyo suka fara raba murya da mai ita. Kaset ya shigo ƙauyuka a shekarun 1970 ya ƙara nisan. Yanzu kuwa a kowace kasuwar ƙauye akwai saurayi da kwamfuta a rumfa, yana tura waƙa ɗari a katin waya da kuɗin da bai kai na kwanon fura ba. Muryar tana yawo ita kaɗai, damman geron kuwa sun daina zuwa.

A nan lauya yake shigowa. Don kada mu yi ta magana a sama, mu ƙaddara wata ƙara, irin wadda kowane lauya a Kano zai iya tarar da ita a ofishinsa. Mu ce akwai wani makaɗin noma a wani ƙauye na ƙasar Makoɗa. A 1990 wani mai sayar da kaset ya kai shi birni, ya ɗauki waƙoƙinsa, ya ba shi kuɗi sau ɗaya. Makaɗin ya rasu a 2010. Yanzu ga ɗansa ya shigo, ya ce wani yaro ya ɗauki amshin waƙar mahaifinsu da karinta, ya ɗora a kan fiyano, ta bazu a YouTube da TikTok, har wani kamfanin taki yana talla da ita a rediyo, ba wanda ya ko ambaci sunan tsohon. Ya ce yana so a bi musu haƙƙinsu.

Ɗalibi zai zaci abin da lauya zai fara yi shi ne rubuta takardar ƙara. Wannan shi ne na ƙarshe, in ma an kai gare shi. Abin da zai fara yi shi ne ya zauna ya saurari waƙar, ya sake saurara, sa'an nan ya shiga mota ya tafi ƙauyen ya nemi 'yan amshin da suka rage da tsofaffin gari. Tambayar da zai yi musu ita ce: a cikin wannan waƙa, mene ne na marigayi, mene ne ya tarar? Kusan kowace waƙar noma tana da kari da kirarin da suka girmi mai rera ta. Abin da ya tarar ba nasa ba ne, bare magadansa su hana wani. Abin da ya ƙara, na kalmomi da sabon kari da jerin sunaye da tsarin amshi, shi ne nasa. Wannan rarrabewa aikin kunne ne da sanin al'ada, kuma lauyan da bai san bambancin kiɗan noma da na ɗan dambe ba ba zai iya ta ba, ko da ya haddace dokar daga bango zuwa bango.

Shi kansa abin da aka tarar ɗin, dokarmu ba ta bar shi sakaka ba. Ta ce tatsuniyoyi da waƙoƙin gargajiya da raye-raye da zane-zanen al'umma ba a juya su don kasuwanci, ko a fitar da su daga muhallinsu na al'ada, sai da izini, kuma wanda ya buga su ya faɗi al'ummar da ya samo su. Niyya ce mai kyau, kuma ƙasashen Afirka da yawa sun yi irinta, bin samfurin dokar da aka tsara a Tunis a 1976. Amma ku tambaye ni wa ke ba da izinin. Hukumar haƙƙin mallaka ce, mai hedkwata a Abuja. Mutanen da kakanninsu suka ƙagi kiɗan, waɗanda har yau suke raya shi da guminsu, ba a ce a tambaye su ba. Wannan kamar a ce gonar gandun gidanku tana da kariya, amma mabuɗin rumbun yana hannun wani ma'aikaci da bai san hanyar garinku ba. A ra'ayina wannan gurbi ne da ya kamata a gyara, kuma ma'aikatan da ke zaune a nan sun fi ni sanin ƙofar da ake bi.

Tambaya ta biyu, kuma ita ce zuciyar ƙarar: me aka yi da mai kaset a 1990? Ɗan zai ce, cikin karyewar zuciya, ai baba ya sayar da waƙar. Kalmar nan "sayarwa" ta cuci masu fasaha fiye da kowane ɓarawo. Lauya zai tambaya: akwai takarda? In babu, to albishir. Doka ta ce mallaka wa wani haƙƙi gaba ɗaya, ko ba shi izinin da ya hana kowa sai shi, ba ya tabbata sai a rubuce. Abin da aka yi da baki bai wuce izini na gama-gari ba. Watau a harshen manomi, aron gona aka ba mai kaset, ko haya, ba a sayar masa ba. Bugu da ƙari, faifan daban, waƙar da ke cikinsa daban, kamar ɗorawar nan da ke tsakiyar gonar wani. Ko da mai kaset yana da wani iko a kan abin da ya ɗauka, wannan zai ƙare a ƙarshen 2040, waƙar kuwa tana hannun magada har ƙarshen 2080. Akwai kuma haƙƙin da ba ya sayuwa ko kusa muddin mai fasaha yana raye, shi ne a ambaci sunansa a kan aikinsa, kuma kada a lalata aikin ta hanyar da za ta zubar masa da mutunci. Na lura sau da yawa wannan ne ya fi damun iyali. Kafin su yi maganar kuɗi, sai sun ce ko sunansa ba a faɗa ba.

In kuwa akwai takarda, sai a karanta ta da kyau. Galibi da Ingilishi take, an sa wa mutum ya dangwala yatsa a ƙasan abin da ba a fassara masa ba.

Sai maganar magada. Doka ta ɗauki haƙƙin mallaka a matsayin dukiya, ana gadonsa kamar yadda ake gadon shanu. Ta fuskar addini ma, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na biyar a Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kiyaye, ba ya halatta a keta su. Na san akwai malaman da suke ganin wannan yana kusa da ɓoye ilmi, akwai kuma masu magana a kan shi kansa kiɗan. Wannan fage na malamai ne, ba zan shiga ba. Abin da na sani shi ne, ranar rabon gado ana lissafa gona da gida da awaki da abin da ke cikin rumbu, ban cika jin an lissafa waƙa ko littafi ba. Saboda haka ɗan da ya zo ofishin lauya ba shi kaɗai ke da ita ba. Akwai matan marigayi, akwai 'ya'ya mata da suka yi aure a Kunci ko Kazaure, kowa da rabonsa. Waƙa kuwa ba ta yankuwa kamar gona, a ce wannan baiti na wane, wancan na wance. Dole lauya ya tara su, su wakilta mutum ɗaya a rubuce, a kuma amince yadda za a raba abin da ya shigo bisa ƙa'idar gado. In bai yi haka ba, ranar da kuɗi ya fito ita ce ranar da gidan zai watse, kuma lauyan yana da kamasho a cikin alhakin.

Yanzu sai inda za a kai ƙara, a nan kuma gwiwar talaka take yin sanyi. Tsarin mulkin 1999 ya sa haƙƙin mallaka a cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, ya kuma ba Babbar Kotun Tarayya ita kaɗai ikon jin ƙararsa. Alƙalin da ke Ɗambatta zai iya raba gadon makaɗin, amma ba zai iya hukunta wanda ya sace waƙarsa ba. Sai an zo birni, an yi magana da Ingilishi, an jure ɗage zama bayan ɗage zama. Kotun tana da ƙarfi, ba shakka: tana iya hana ci gaba da yaɗawa, ta sa a biya diyya, ta sa a kawo lissafin ribar da aka ci, har ta ba da izinin shiga shago ba zato a kama kayan sata. Amma lauyan kirki zai auna kuɗin shari'a da abin da ake fatan samu, ya gaya wa mai ƙara gaskiya. Kamfanin taki yana da suna da yake tsoron ɓatawa, wasiƙa ɗaya mai kyau takan kawo shi teburin sulhu. Yaron fiyano kuwa wataƙila ba shi da ko kuɗin hayar ɗaki. Dokar 2022 ta ba da hanyar rubuta wa masu dandalin intanet su sauke abin da aka ɗora ba da izini ba, kuma hanya ce mai sauƙi. Sai dai in an sauke, me iyalin suka samu? An rufe bakin mahaifinsu a wuri ɗaya tak da matasa suke jinsa. Ni shawarar da zan bayar ita ce a kira yaron, a rubuta masa izini, ya sa sunan marigayi, ya riƙa ba da kaso. A bar shi ya noma gonar, ya kawo galla.

Kada ku ce wannan tatsuniya ce, ba a taɓa ƙwato wa mataccen mawaƙi haƙƙinsa ba. A 1939 wani Bazule mai suna Solomon Linda ya rera waƙarsa Mbube a ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesbag. An ruwaito sule goma aka ba shi a kan haƙƙinta. Waƙar ta haye teku zuwa Amurka, ta zama Wimoweh, sa'an nan a 1961 ta zama The Lion Sleeps Tonight, har ta shiga fim ɗin kamfanin Disney na 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci. A shekarar 2000 wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono labarin. Wani lauya mai suna Owen Dean ya koma cikin tsohuwar dokar Ingila ta 1911, ita dai wadda na ce muku ta mulke mu har 1970, ya sami wani sashe da ya ce duk haƙƙin da mai fasaha ya sayar yana komawa ga magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. Da wannan aka shigar da ƙara a 2004, aka yi sulhu a 2006, 'ya'yansa mata suka sami biya, aka kuma amince da sunansa a cikin waɗanda suka yi waƙar. Shekara 67 ke nan tsakanin rerawa da biya. Abin lura ga ɗaliban shari'a shi ne, makamin yana kwance cikin littafi duk tsawon wannan lokaci, ba a dai sami wanda ya buɗe shafin ba.

Bari in juyo ga fim da littafi, tun da su ne suka fi shiga gidajen wannan karkara a yau. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990, masu fim a Kano suka ƙirƙiro wa kansu wata dabara da ta burge ni. Brian Larkin ya bayyana ta a littafinsa na 2008. Mai fim ba ya iya hana 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kwafar kaset, don haka sai ya ba su uwar kaset ɗin, shi kuma ya buga kwalayen da ake sa kaset a ciki, ya sayar musu da su ɗaya bayan ɗaya. Kaset mai kwali shi ne halattacce. Watau sun dasa gambarsu a kan kwali, ba tare da lauya ko kotu ba. Amma da faifan CD ya mutu, fim ya koma waya, sai kwalin ya tafi, iyakar ta tafi da shi. Sana'ar ta koma tashoshi irin su Arewa24 da aka buɗe a 2014, da YouTube, inda fim yake ci gaba da kawo kuɗi shekara da shekaru. Marubucin da aka saba ba kuɗi sau ɗaya, da mawaƙin da aka biya a ɗakin ɗaukar murya ya tafi, da jarumar da aka sallama a wurin ɗaukar fim, duk suna kallon aikinsu yana haihuwa a garken wani. Doka ta ɗauki wanda ya shirya yin fim a matsayin mai shi, sai in yarjejeniya ta ce wani abu daban. To, yarjejeniyar nan ita ce aikin lauya, kuma kafin a kunna kyamara ake yin ta. Haka matan da suke rubuta labarai suna rarrabawa ta WhatsApp, sai su wayi gari wani yana karanta littafin a YouTube yana karɓar kuɗin talla.

Akwai wata gaskiya mai ɗaci da lauya ya wajaba ya faɗa wa masu wannan sana'a. Wanda ya ɗauki fim ɗin Indiya ya juye shi fage bayan fage, ko ya ɗauki karin waƙarsu ya sa kalmomin Hausa, ko ya ɗora murya a kan fim ɗin wasu ba da izini ba, ya yi abin da yake kuka an yi masa. In aka ce musu haka sukan kawo Magana Jari Ce, su ce ai Imam ma ya ɗebo daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Haka ne, ya ɗebo. Amma ya ɗebo ne daga tsofaffin rijiyoyin da suka zama na kowa, kuma abin da ya fito daga hannunsa Hausa ce da ba wanda ya rubuta irinta kafinsa. Doka ba ta hana aron jigo. Labarin ɗan talaka da ya so 'yar mai kuɗi na kowa ne. Ƙirar da wani ya yi masa ita ce ba ta kowa ba.

Masaƙan Minjibir da masu ɗinkin hula, su nasu ya fi wuya, ba zan kuma yi musu alkawarin da doka ba ta yi ba. Zanen da aka yi don a riƙa buga shi da yawa a masana'anta dokar zane-zane ta 1970 ce take kula da shi, ita kuwa sai an yi rajista, sai kuma zanen ya zama sabo, kariyar ma shekara 5 ce da ake sabuntawa sau biyu. Zanen da aka gada daga kakanni ba sabo ba ne. Abin da ya fi kusa da hannunsu shi ne su haɗu su yi rajistar tambari ɗaya, yadda mai saye a Kantin Kwari zai bambance saƙar hannu da bugun injin da aka shigo da shi.

Ku ma'aikatan gwamnati, akwai abin da ya shafe ku kai tsaye. Ma'aikatu da ƙananan hukumomi suna cikin manyan masu amfani da waƙa a ƙasar nan: ta rigakafi, ta taki, ta ƙidaya, ta tarbar baƙi. A duba fayil a gani, sau nawa aka rubuta da mawaƙi tsawon lokacin da za a yi amfani da waƙarsa, da inda za a sa ta? Gidajen rediyon Kaduna da Kano suna da muryoyin makaɗan da suka daɗe da rasuwa, kuma kowane kaset a cikinsu hujja ce ga wasu magada da ba su san da shi ba. Akwai ƙungiyoyin da hukuma ta amince su karɓi kuɗi daga gidajen rediyo da talabijin da otal su raba wa masu fasaha, amma ofisoshinsu suna Legas, kuma ba sa biyan wanda ba ya cikin littafinsu. Jami'in al'adu na ƙaramar hukuma, da biro da littafi ɗaya, zai iya rubuta sunan kowane makaɗi a ƙasarsa, da waƙoƙinsa, da shekarar da ya rasu in ya rasu, da wanda ya gaje shi. Shekarar rasuwar nan kada a raina ta, daga ita ake fara ƙirga saba'in ɗin.

Ku kuma ɗaliban shari'a, ina roƙon ku gwada wani abu kafin ku bar wannan jami'a. Ku rubuta yarjejeniyar waƙa da Hausa, shafi ɗaya, wadda za a karanta wa makaɗi a zaure ya gane ba tare da tafinta ba. Ta faɗi sunan waƙar da wanda ya yi ta. Ta faɗi ko sayarwa ce ko haya, da waɗannan kalmomin da ya sani. In haya ce, shekara nawa, kuma a ina: rediyo kaɗai, ko har da fim da waya da talla. Nawa za a biya yau, kashi nawa daga abin da zai shigo gobe, wa zai nuna lissafi, kuma yaushe. Sa'an nan a bar wuri a ƙasa don shaidu biyu da mai unguwa, kamar yadda ake yi ranar cinikin gona. Za ku tarar fassara kalmomin ta fi rubuta ƙarar kotu wuya, domin ba za ku sami inda za ku ɓuya a bayan Ingilishi ba. Wanda ya gama tasa ya kai ta kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi, ya nemi makaɗi ya karanta masa, ya ga a layi na nawa zai tsayar da shi.

Shugaba, na ga ka duba agogo sau biyu. A nan zan dakata, sauran lokacin na masu tambaya ne.